Jacques Cousteau: Mutumin da ya buɗe ƙofar ƙarƙashin teku

A yau akwai wurare a duniya da mutum zai biya kuɗi, a ɗaura masa tukunyar iska a baya, ya nutsa cikin teku domin kallon mutum-mutumin siminti da aka jera a kan yashi. Ana kiran irin waɗannan wurare lambunan sassaƙa na ƙarƙashin ruwa. Suna jawo 'yan yawon buɗe ido, sannan suna zama sabon gida ga murjani da kifaye a inda gidajensu na asali suka lalace.

Da wuya a ba da tarihin waɗannan lambuna ba a ambaci Jacques-Yves Cousteau ba, wato hafsan sojan ruwan Faransa da ya rasu a shekarar 1997, shekaru tara kafin a kafa na farko a cikinsu. Ana furta sunan nasa Kusto.

Shi da wani injiniya suka ƙera na'urar da ta bai wa kowa damar yin numfashi a ƙarƙashin ruwa. Shi ne kuma daga baya ya shafe fiye da shekaru 30 yana gargaɗi game da ɓarnar da ɗan Adam ke yi wa teku, wadda shi kansa ya taɓa sa hannu a cikinta.

Kano da murjani

Birnin Kano na da nisan kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar teku a Legas idan aka bi hanyar mota. Duk da haka Kanawa sun daɗe da sanin abin da ke fitowa daga teku. Unguwar Fagge ta bunƙasa ne a bayan ganuwa a matsayin masaukin ayarin raƙuman da ke ratso Sahara, kuma jan murjanin da mata ke ado da shi yana cikin hajar da ke zuwa ƙasar Hausa daga yankin Bahar Rum.

Ko da yake ana lissafa murjani cikin duwatsun ado, asalinsa ƙashi ne na wasu ƙananan halittu masu rai. Danginsu da ke zaune a tekuna masu ɗumi suna gina tuddai a ƙarƙashin ruwa sannu a hankali, cikin ɗaruruwa ko dubban shekaru. Waɗannan tuddai ba su kai kashi 1 cikin 100 na shimfiɗar ƙasan teku ba, amma masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su.

Haka nan duk wanda ya ga katan-katan na daskararren kifin teku a kasuwar Sabon Gari ya san cewa lafiyar teku tana shafar tukunyar miyar wanda bai taɓa ganin teku ba.

Ƙuruciya da aikin soja

An haifi Cousteau a ranar 11 ga watan Yuni na shekarar 1910 a garin Saint-André-de-Cubzac, kusa da birnin Bordeaux a kudu maso yammacin Faransa. Mahaifinsa Daniel lauya ne da ke yi wa wasu attajiran Amurka aiki, abin da ya sa iyalin suka zauna a birnin New York na ɗan lokaci daga shekarar 1920. A can ne, lokacin wani hutun makaranta a jihar Vermont, yaron ya fara nutso a wani tafki inda aka sa shi kwashe rassan itatuwa daga ƙasan ruwa.

A shekarar 1930 ya shiga kwalejin sojan ruwan Faransa da ke Brest. Burinsa shi ne ya zama matuƙin jirgin sama na rundunar. Sai dai wani mummunan haɗarin mota da ya yi a tsakiyar shekarun 1930 ya karya masa hannuwa biyu, ya kuma kawo ƙarshen wannan buri.

Domin hannuwan su dawo da ƙarfinsu, sai ya riƙa yin iyo a Bahar Rum kusa da sansanin sojan ruwa na Toulon. A shekarar 1936 wani abokin aikinsa mai suna Philippe Tailliez ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Gani ya kori ji. Daga ranar da ya leƙa ya ga kifaye da tsirrai a ƙarƙashin ruwa, hankalinsa bai sake barin teku ba.

A shekarar 1937 ya auri Simone Melchior, wadda mahaifinta babban jami'i ne a kamfanin Air Liquide mai sarrafa iskar gas. Sun haifi 'ya'ya maza biyu, Jean-Michel a 1938 da Philippe a 1940.

Huhun ruwa

Kafin wannan lokaci, hanyoyi biyu aka fi sani na shiga ƙarƙashin teku. Ko dai mutum ya riƙe numfashinsa na minti ɗaya ko biyu, kamar yadda masu nutson lu'ulu'u na Bahrain suka yi shekaru aru-aru, ko kuma ya sa hular ƙarfe da takalma masu nauyi, ana hura masa iska ta dogon tiyo daga cikin jirgi. An yi ƙoƙarin ƙera na'urori masu cin gashin kansu, kamar wadda Yves Le Prieur ya fito da ita a 1926, amma tana zubar da iska ba ƙaƙƙautawa, don haka ba ta daɗewa.

Matsalar ita ce nauyin ruwa. A kowace mita 10 da mutum ya ƙara nutsawa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kansa a doron ƙasa. Idan ba a ba shi iska mai ƙarfi daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi ba, ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ya shaƙa ba.

A watan Disamba na 1942, lokacin da Jamus ke mamaye da Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, Cousteau ya haɗu da Émile Gagnan, injiniya a kamfanin Air Liquide. Saboda ƙarancin fetur a lokacin yaƙin, Gagnan ya ƙera wata 'yar na'ura da ke daidaita shigar iskar gas cikin injin mota. Mutanen biyu suka sauya ta yadda za ta riƙa sakin iska daga tukunya a duk lokacin da mai nutso ya ja numfashi, ta kuma tsaya idan ya daina.

Gwajin farko da suka yi a kogin Marne a watan Janairun 1943 bai yi nasara sosai ba, domin na'urar tana aiki ne kawai idan mai nutso yana kwance miƙe a cikin ruwa. Suka gyara wurin fitar iskar, kuma a bazarar shekarar Cousteau da Tailliez da abokinsu Frédéric Dumas suka yi ta nutso da ita a gaɓar Bandol. Bayan yaƙin aka fara sayar da ita, kuma a Amurka da Ingila ta yi fice da sunan Aqua-Lung, wato huhun ruwa.

Sabuwar na'urar ta zo da nata haɗurran. A zurfi mai yawa iskar da ake shaƙa tana sa wani irin maye da ke gusar da hankali, kuma wanda ya taso sama da gaggawa yana iya shanyewa ko ya mutu. A watan Satumban 1947 wani abokin aikinsu, Maurice Fargues, ya rasa ransa bayan ya kai zurfin mita 120.

Yaƙin ya kuma raba kan gidan su Cousteau. Jacques ya yi aikin leƙen asiri domin 'yan gwagwarmayar ƙwato Faransa, har aka ba shi lambar girma. Yayansa Pierre-Antoine kuwa ɗan jarida ne da ya goyi bayan 'yan Nazi. An yanke masa hukuncin kisa a 1946, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Jacques ya je kotu sanye da kakinsa ya ba da shaida domin a yi wa yayan nasa sassauci.

Jirgin Calypso

A shekarar 1950 wani attajirin Birtaniya, Loel Guinness, ya sayi wani tsohon jirgin share nakiyoyin ruwa da ke jigilar fasinja a tsibirin Malta, ya ba Cousteau hayarsa a kan faran ɗaya kacal a shekara. Sunan jirgin Calypso. Tafiyarsa ta farko ta bincike ita ce zuwa Bahar Maliya a ƙarshen 1951.

Tafiyar da jirgi na buƙatar kuɗi, kuma Cousteau ya neme su a inda suke. A shekarar 1954 wani kamfanin man fetur na Birtaniya ya ɗauki hayar Calypso domin binciken ƙasan teku a gaɓar Abu Dhabi. Masu nutsonsa suka ɗebo samfurin duwatsu daga wurare da dama, kuma a 1958 aka samu mai a yankin Umm Shaif, abin da ya zama mafarin arzikin masarautar.

Littafinsa mai suna Duniyar Shiru, wanda ya rubuta tare da Dumas, ya fito a 1953. Fim ɗin da ya biyo baya da wannan suna, wanda ya shirya tare da Louis Malle, ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 1956, sannan ya samu kyautar Oscar a 1957. Miliyoyin mutane sun ga launukan ƙarƙashin teku a allon sinima.

Amma wanda ya kalli fim ɗin a yau zai ga abubuwan da za su tayar masa da hankali. An nuna ma'aikatan jirgin suna fasa nakiya a kan tudun murjani domin su ƙirga kifayen da suka mutu. An nuna jirgin ya yi wa ɗan wani babban kifin wel mummunan rauni, sannan mutanen suka far wa kifayen shak da suka taru a kan gawarsa da gatura. A wancan zamani ana ɗaukar teku a matsayin rumbun da ba ya ƙarewa.

Ƙauye a ƙarƙashin Bahar Maliya

Cousteau ya yi imani cewa wata rana mutane za su zauna su yi aiki a ƙarƙashin teku. A shekarar 1962 ya sa mutum biyu, Albert Falco da Claude Wesly, suka yi mako guda a cikin wani ɗakin ƙarfe a zurfin mita 10 kusa da birnin Marseille.

A shekarar 1963 ya koma gaɓar Sudan, zuwa wani tudun murjani mai suna Sha'ab Rumi da ke arewa da Port Sudan. Wannan gaɓa ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, domin ta Suwakin da Port Sudan ne mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa daga Kano da Borno suka riƙa tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma zuriyar da yawa daga cikinsu na zaune a Sudan har yau.

A Sha'ab Rumi ya kafa ɗan ƙaramin ƙauye. Babban gidan yana zurfin mita 10, inda mutanensa suka yi wata guda suna ci suna barci, har da wani aku da suka shiga da shi. Wasu mutum biyu kuma suka yi mako guda a wani ƙaramin ɗaki a zurfin kusan mita 30. An kuma gina rumfar ajiye wani ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa mai siffar faifai. Fim ɗin da aka yi game da wannan gwaji, Duniyar da Ba Rana, ya sake samo masa kyautar Oscar.

Da aka kammala aikin aka kwashe gidajen, amma aka bar rumfar jirgin da wasu kejin ƙarfe a wurin. Cikin shekaru murjani ya lulluɓe su, kifaye suka mayar da su gida, masu nutso daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa kallo. Ba da niyya ba, Cousteau ya bar misalin yadda abin da ɗan Adam ya ƙera zai iya rikiɗewa ya zama tudun murjani.

Gwaji na uku, wanda aka yi a 1965 a zurfin mita 100 kusa da Nice, shi ne na ƙarshe. Kamfanonin mai ne suka fi cin gajiyar dabarun da aka koya, shi kuwa ya juya ga wata hanyar.

Sauyin tunani

Alamar farko ta sauyin ta bayyana a shekarar 1960, lokacin yana shugaban gidan tarihin teku na Monako, muƙamin da ya riƙe daga 1957 zuwa 1988. Hukumar nukiliyar Faransa ta shirya zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum. Cousteau ya fito fili ya yi adawa, jama'a suka mara masa baya, mata da yara suka zauna a kan layin dogo suka tare jirgin ƙasan da ke ɗauke da sharar, aka fasa shirin. A wannan shekara ce Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Saharar Aljeriya, abin da ya sa Najeriya ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairun 1961.

Daga 1968 zuwa 1976 shirye-shiryensa na talabijin sun karaɗe duniya, kuma jar hularsa ta zama alamar da ake gane shi da ita. A tsawon waɗannan tafiye-tafiye yakan koma wuraren da ya sani cike da kifi ya tarar sun yi fayau. A farkon shekarun 1970 ya kafa ƙungiyar Cousteau domin kare teku, kuma a 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi kyautar kare muhalli.

Babbar nasararsa a fagen siyasa ta shafi nahiyar Antatika mai ƙanƙara. A 1988 ƙasashe suka amince da wata yarjejeniya da za ta buɗe hanyar haƙar ma'adinai a can. Cousteau ya tattara sa hannun jama'a masu ɗimbin yawa, ya gana da shugabanni, kuma a 1989 Faransa da Ostireliya suka janye goyon bayansu. A 1991 aka sanya hannu a kan yarjejeniyar Madrid wadda ta haramta haƙar ma'adinai a nahiyar.

Iyali da suka

Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Ɗansa Philippe, wanda ya ɗauka a matsayin magajinsa, ya mutu a haɗarin jirgin sama a kogin Tagus kusa da Lisbon a 1979. Simone, wadda ta shafe yawancin rayuwarta a cikin Calypso, ta rasu a 1990. A shekarar da ta biyo baya ya auri Francine Triplet, sai duniya ta ji cewa tuni suna da 'ya'ya biyu da aka haifa tun Simone na raye. A 1995 ya kai babban ɗansa Jean-Michel ƙara kotu saboda amfani da sunan Cousteau a wani wurin shaƙatawa a tsibirin Fiji.

Ya kuma sha suka a kan ra'ayinsa game da yawan al'umma. A wata hira da mujallar hukumar UNESCO a 1991, ya bayyana cewa sai an rage yawan mutanen duniya da 350,000 a kowace rana kafin a samu daidaito, ko da yake ya amince cewa magana ce mai munin faɗa. Masu sukarsa sun nuna cewa mutanen ƙasashe masu arziki sun fi cinye albarkatun duniya nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da talakawan Afirka da Asiya.

Shin ya musulunta?

Akwai wani labari da ya bazu a ƙasashen Musulmi cewa Cousteau ya karɓi Musulunci bayan ya gano wani shamaki tsakanin tekuna biyu, aka kuma nuna masa ayoyin Alƙur'ani da suka yi bayanin haka.

Masana teku sun tabbatar da cewa a wurare irin su mashigin Jibiralta, ruwan Bahar Rum mai yawan gishiri yana bi ta ƙasa, na Atlantika yana bi ta sama, kuma ba sa gauraya nan take. Amma batun musuluntar tasa, gidauniyarsa ta musanta shi a rubuce a shekarar 1991, lokacin yana raye.

A watan Janairun 1996 wani jirgin dakon kaya ya buge Calypso a tashar jiragen ruwa ta Singafo, ya nutse, daga baya aka tsamo shi. Cousteau ya rasu sakamakon ciwon zuciya a birnin Paris a ranar 25 ga watan Yuni na 1997, yana da shekaru 87. An yi masa addu'ar jana'iza bisa tsarin Katolika a majami'ar Notre-Dame, wadda Shugaba Jacques Chirac ya halarta, aka binne shi a garin haihuwarsa.

Lambunan da suka biyo bayansa

Tun a 1954 aka nutsar da wani mutum-mutumin tagulla a gaɓar San Fruttuoso ta Italiya domin tunawa da wani mai nutso da ya mutu a yankin. Amma lambun sassaƙa na farko shi ne wanda Jason deCaires Taylor, ɗan Birtaniya, ya kafa a 2006 a gaɓar Molinere ta tsibirin Grenada, inda guguwar Ivan ta yi wa murjani ɓarna a 2004.

A 2009 aka fara wani mafi girma kusa da Cancún a Meksiko, wanda ya kai ga samun mutum-mutumi fiye da 500. Dalilin kafa shi yana da alaƙa kai tsaye da na'urar Cousteau. Masu nutso sun yi yawa har suna karya murjanin asali da ƙafafunsu, don haka hukumar kula da yankin ta nemi wani wurin da za ta karkatar da su. Ana yin sassaƙar da wani siminti na musamman da ba ya cutar da halittu, ana kuma barin jikinsa da kaushi domin 'ya'yan murjani su samu wurin maƙalewa.

A ƙasashen Larabawa an bi wani salon. A 2019 Jordan ta nutsar da tsofaffin tankokin yaƙi da motocin soja a gaɓar Aƙaba bayan an tsabtace su, Bahrain kuma ta nutsar da jirgin sama samfurin Boeing 747.

Masana na gargaɗin cewa ba duk abin da aka jefa cikin teku ne ke zama gidan kifi ba. A shekarun 1970 an zuba tsofaffin tayoyin mota kimanin miliyan 2 a gaɓar Florida ta Amurka da wannan manufa, amma igiyar ruwa ta warwatsa su suka riƙa farfasa murjanin da ke kusa, aka koma ana kashe kuɗi wajen kwashe su. Haka kuma siminti ba ya maganin ɗumamar teku. Daga 2023 zuwa 2025 zafin ruwa mai sa murjani ya koɗe ya shafi fiye da kashi 80 cikin 100 na tuddan murjanin duniya, kamar yadda hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta bayyana.

Wannan ya yi daidai da matsayin da Cousteau ya tsaya a kai a rabin ƙarshe na rayuwarsa, wato rigakafi ya fi magani, kuma kare murjanin da ke raye ya fi sauƙi a kan ƙoƙarin maye gurbin wanda ya mutu.

A tsibirin Guadeloupe da ke yankin Karibiyan akwai wani keɓaɓɓen yankin teku da aka sa wa sunansa. A can, a zurfin kimanin mita 12, an kafa mutum-mutuminsa sanye da hularsa a tsakiyar murjani, kuma masu nutso kan ziyarce shi ɗauke da na'urar da shi da Gagnan suka ƙera a 1943.